Daga Saba Zuwa Tafin Hannu: Yadda Ake Watsa Bidiyo ta Intanet da Yadda Ake Auna Abin da Mai Kallo Ya Gani

Watsa bidiyo ta intanet shi ne isar da hoto mai motsi da sautinsa zuwa waya ko kwamfuta ko talabijin ta yadda za a fara kallo tun fayil ɗin bai gama isowa ba. A nan ya bambanta da saukewa, inda sai fim ya shige waya ɗungurungum kafin a buɗe shi, irin yadda ake yi a shagunan masu tura fina-finai. A wajen watsawa, abin da ke cikin wayar a kowane lokaci bai wuce 'yan daƙiƙoƙin da ke gaba ba, sauran kuwa yana can nesa ana jawo shi kaɗan-kaɗan. Duk wahalar fannin daga nan ta samo asali: tilas bidiyo ya riƙa isowa da saurin da bai gaza saurin kallonsa ba, alhali ƙarfin sabis ba ya tsayawa wuri ɗaya ko na minti guda.

Sauti ne ya fara buɗe hanya. A 1995 kamfanin Progressive Networks na birnin Seattle a Amurka, wanda daga baya ya koma RealNetworks, ya fito da RealAudio, kuma a watan Satumban shekarar aka watsa sharhin wani wasan besbol kai tsaye ta intanet. Bayansa aka shiga zamanin Flash, manhajar da sai an ɗora ta a kan burauza kafin bidiyo ya buɗe. A kanta YouTube ya taso a 2005, Google ya saye shi a 2006 kan dala biliyan 1.65, shi kuma Netflix ya fara watsa fina-finai a Janairun 2007. Kamfanin Adobe ya daina kula da Flash a ƙarshen Disambar 2020, amma tun kafin nan an riga an koma wata dabara dabam, wadda ita ce mai koyo zai tarar a yau.

Matse bidiyo

Bidiyo jerin hotuna ne da ake nunawa da sauri, 24 ko 25 ko 30 a daƙiƙa ɗaya, wani lokaci har 60. Hoto ɗaya na ingancin da ake kira 1080p yana da ɗigo 1,920 a faɗi da 1,080 a tsaye, wato ɗigo 2,073,600. Idan kowane ɗigo ya ci bit 24 don bayyana launinsa, aka kuma nuna hoto 30 a daƙiƙa, lissafin zai kai kusan megabit 1,500 a kowace daƙiƙa. Da wuya a samu layin gida ko na waya da zai ɗauki wannan kaya. A zahiri irin wannan bidiyo ana watsa shi da megabit 5 ko kusa da haka, wato an rage masa nauyi har ninki 300, ido kuma bai cika ganin abin da aka zubar ba.

Manhajar da ke wannan aiki ita ake kira kodek, kuma babbar dabararta ita ce ƙin maimaita abin da aka riga aka faɗa. Mai karanta labarai yana zaune, bangon da ke bayansa bai motsa ba. Babu dalilin sake aiko da bangon sau 30 a daƙiƙa. Sai a aiko da cikakken hoto guda, a bi shi da jerin hotunan da ba su ɗauke da komai sai bambanci: wannan yanki ya matsa dama kaɗan, wancan yana nan yadda yake. Bayan daƙiƙa biyu ko ɗan sama da haka a sake aiko da wani cikakke. Shi ya sa nau'in abin da aka ɗauka yake da tasiri ƙwarai. Wa'azi ko hira a ɗaki suna matsuwa cikin sauƙi. Hawan salla kuwa, da dawakai da ƙura da kyamara mai bin mahaya, kusan kowane ɗigo yana canzawa, don haka in aka ba shi ɗan ƙaramin nauyi sai hoton ya farfashe ya koma murabba'ai-murabba'ai. Cikakkun hotunan nan kuma su ne ƙofofin shiga: idan mai kallo ya ja bidiyo zuwa tsakiya, daga ɗayansu kaɗai za a iya ci gaba.

Kodek ɗin da ya fi yaɗuwa shi ne H.264, wanda aka kammala tsara shi a 2003. Ya tsufa, amma kusan kowace waya da talabijin suna da ɓangare na musamman a cikin injinsu da ke warware shi ba tare da wahala ba, shi ya sa har gobe ba a rabu da shi ba. A 2013 aka fito da HEVC da nufin ba da inganci iri ɗaya da kusan rabin nauyi, sai dai rikicin kuɗin lasisi tsakanin masu haƙƙin mallakarsa ya hana shi bazuwa yadda aka zata. A shekarar ce Google ya saki VP9. Manyan kamfanoni, cikinsu har da Google da Netflix da Amazon da Microsoft, sun haɗa ƙungiyar Alliance for Open Media a 2015, suka fitar da AV1 a 2018 ba tare da neman kuɗin lasisi ba. Sabon kodek yana rage cin data, amma tsohuwar wayar da ba ta da ɓangaren warware shi sai ta ɗora aikin a kan babban injinta, ta yi zafi, caji ya zube, hoto ya riƙa tsalle.

Tsani da guntaye

Dabarar da ta maye gurbin Flash ta tsaya ne a kan abu biyu. Na farko, ba a ajiye bidiyo da inganci ɗaya. Ana sarrafa shi sau da yawa, daga 240p mai ɗan nauyi har 1080p ko sama, a samu abin da masu sana'ar ke kira tsani. Na biyu, kowane mataki na tsanin ana yayyanka shi guntu-guntu, kowane guntu na daƙiƙa 2 zuwa 10. Fim na minti 90 da aka yanka daƙiƙa shida-shida zai ba da guntaye 900 a mataki ɗaya. In matakan shida ne, fayil 5,400 ke nan. Sai a rubuta wani ɗan ƙaramin fayil, jadawali, mai faɗin matakan da ake da su da adireshin kowane guntu. Shi manhajar kunnawa ke fara karantawa kafin ta nemi komai.

Apple ya fito da tsarinsa na HLS a 2009, jadawalinsa kuma rubutu ne zalla da ke ƙarewa da .m3u8, wanda kowa zai iya buɗewa ya karanta. A 2012 aka wallafa MPEG-DASH a matsayin ma'auni na duniya wanda ba na kamfani ɗaya ba. Shekaru da dama masu watsawa suna ajiye kowane bidiyo sau biyu saboda tsarin biyu, har sai da CMAF ya zo a 2018 ya ba da damar guntaye iri ɗaya su yi wa duka biyun aiki. Ƙarfin wannan dabara shi ne ba ta buƙatar wata saba (kwamfutar da ke ajiye fayiloli tana aika su ga mai nema) ta musamman. Guntun bidiyo fayil ne kamar kowane fayil, ana neman sa ta hanyar da ake neman shafin intanet.

Kowane mataki yana da farashinsa a aljihun mai kallo. Bidiyo mai megabit 5 a daƙiƙa yana cin gigabait 2.25 a awa ɗaya. Mai megabit 1 kuwa megabait 450 ne. A kan allon waya mai inci shida, bambancin da ido zai gani tsakanin 480p mai kyau da 1080p bai kai bambancin kuɗin ba, kuma duk mai tsara tsani don jama'ar da ke sayen data a ƙididdige ya kamata ya fi ɓata lokaci a kan ƙananan matakai. Da can tsani ɗaya ake yi wa kowane fim. A Disambar 2015 Netflix ya bayyana cewa ya koma yi wa kowane fim nasa tsanin, domin katun mai launi shimfiɗaɗɗe ba ya buƙatar nauyin da fim ɗin yaƙi ke buƙata. A 2016 kuma ya saki VMAF, ma'aunin da ke ƙiyasta yadda idon mutum zai ga ingancin hoto, da maki daga 0 zuwa 100, kuma kyauta ne ga mai son amfani da shi.

Wa ke zaɓar mataki

Ba saba ce ke yanke shawarar matakin da za a aiko ba, manhajar kunnawa ce da ke cikin wayar mai kallo. Tana da ma'ajiya inda take tara guntayen da suka iso amma ba a kai ga kallonsu ba. Kamar randa ce da ake zuba mata ruwa da guga a lokacin da wani ke ɗiba da moɗa ba tsayawa: muddin zubi ya fi ɗiba, randa na cika, in guga ya yi jinkiri har ta ƙafe, sai mai ɗiba ya tsaya. Wannan tsayawar ita ce da'irar nan mai juyawa a tsakiyar allo, wadda ake cewa bidiyo yana lodi.

Kafin neman kowane guntu, manhajar sai ta zaɓi mataki. Hanya ta farko da aka bi ita ce a duba saurin da guntayen baya suka iso da shi, a ɗauka na gaba ma haka zai iso, a zaɓi mataki ƙasa da wannan saurin kaɗan. Matsalar ita ce sabis na waya yana yaudara: mutum yana cikin mota, ko jama'a sun taru a kan turken sadarwa ɗaya da yamma, saurin da aka auna yanzu ya zama tarihi bayan daƙiƙa biyar. A 2014 masu bincike daga Jami'ar Stanford tare da injiniyoyin Netflix suka nuna cewa a mafi yawan lokaci duba cikar ma'ajiyar kaɗai ya isa: in ta cika a hau sama, in ta yi ƙasa a sauko. Gwajin da suka yi a kan masu kallo na gaske ya rage yawan tsayawa da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, ba tare da ingancin hoto ya faɗi ba. Manhajoji da yawa a yau suna haɗa hanyoyin biyu, su dogara da aunin sauri a farkon kallo lokacin da ma'ajiya ba komai, su koma duba ma'ajiya bayan ta taru.

Nisan da guntu zai yi kafin ya iso shi ma abin lissafi ne. Saƙo daga Legas zuwa Landan da dawowa yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ga kuma tsadar hanyar teku. Don haka aka kafa cibiyoyin rarrabawa, wato sabobin da ake bazawa a birane da yawa suna riƙe da kwafin abin da aka fi nema. Akamai, wanda Tom Leighton da Danny Lewin na jami'ar MIT suka kafa a 1998, yana cikin na farko. Netflix ya fara nasa mai suna Open Connect a 2012, yana ba kamfanonin sadarwa akwatunan da za su ajiye a cikin cibiyoyinsu, Google ma yana da irin wannan tsari. A Nijeriya wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 na 2010 da Equiano na 2022 duk a gaɓar Legas suka sauka, saboda haka abin da ba a ajiye kwafinsa a cikin ƙasa ba sai ya keto teku, sannan ya bi wayar ƙasa ta kusan kilomita dubu kafin ya kai Kano. Ranar 14 ga Maris na 2024, da wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke kusa da Kwaddebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, aka ga bambancin abin da ke ajiye a gida da wanda sai an ɗauko daga waje.

Watsa kai tsaye yana bin wannan tsari, sai dai jadawalin yana sabuntawa yayin da ake ƙirƙiro guntaye. Manhajar kunnawa takan tara guntu uku kafin ta fara. In na daƙiƙa shida ne, 18 ke nan, in aka haɗa da lokacin sarrafawa sai jinkirin ya doshi rabin minti. Abin da ke sa a ji ihun gidan kallon ƙwallo mai amfani da tauraron ɗan'adam tun ɗan wasan da ke cikin waya bai buga ba ke nan. Apple ya gabatar da HLS mai ƙaramin jinkiri a 2019, wanda ke sauko da shi zuwa 'yan daƙiƙoƙi, amma duk abin da aka rage daga jinkiri daga ma'ajiya aka rage shi, tsayawa kuma ta fi kusa. Ga kuma cunkoso: a wasan ƙarshe na gasar kurket ta duniya a Nuwamban 2023, Disney+ Hotstar na Indiya ya ce mutum miliyan 59 ne suka kalla lokaci guda. A Nuwamban 2024 Netflix ya ba da adadin miliyan 65 a damben Mike Tyson da Jake Paul, daren da ƙorafin tsayawar hoto ya cika kafofin sada zumunta.

Abin da manhajar kunnawa kaɗai ta sani

Saba tana rubuta duk abin da aka nema daga gare ta, amma iliminta ya tsaya ne a kan cewa ta aika guntu kaza da ƙarfe kaza. Ba ta san ko ya iso a kan lokaci ba, ba ta san ko allo ya daskare ba, ba ta san mai kallo ya gaji ya rufe ba. Sau da yawa komai na saba yana nuna lafiya lau alhali jama'a suna can suna kallon da'ira. Wurin da gaskiyar take shi ne cikin manhajar kunnawa, don haka ake dasa mata ɗan ƙaramin shiri mai lura da abubuwan da ke faruwa: an taɓa maɓalli, hoton farko ya bayyana, an tsaya, an ci gaba, an canza mataki, an ja gaba, kuskure ya auku, an rufe. Kowanne ana haɗa shi da lokacinsa da lambar wannan zaman kallo, da nau'in waya da kamfanin sadarwa da gari da sigar manhaja, a riƙa aikawa zuwa rumbun bayanai lokaci-lokaci. Kamfanoni irin su Conviva da Mux sana'arsu ke nan, manyan masu watsawa kuma sukan gina nasu.

Daga waɗannan saƙonni ake fitar da ma'aunai. Akwai lokacin farawa, wato tazarar da ke tsakanin taɓa maɓalli da bayyanar hoton farko, da adadin waɗanda suka fice kafin ya bayyana, da na waɗanda bidiyon ya ƙi buɗe musu sam. Akwai matsakaicin nauyin da aka kalla da yawan hawa da sauka a tsani. Amma wanda ya fi kowanne nauyi shi ne rabon tsayawa: lokacin da aka ɓata ana jiran lodi, a raba shi da dukan lokacin kallo. Daƙiƙa 12 na tsayawa a cikin minti 20 kashi 1 cikin 100 ne.

Bincike biyu ne suka kafa wannan fahimta. Na farko an gabatar da shi a 2011 bisa bayanan Conviva, ya gano cewa rabon tsayawa ya fi duk sauran ma'aunai tasiri a kan tsawon kallo, kuma a wasan kai tsaye na minti 90 ƙarin kashi 1 cikin 100 na iya rage kallo da sama da minti uku. Na biyu na Shunmuga Krishnan ne da Ramesh Sitaraman a 2012, waɗanda suka duba kallo miliyan 23 na mutum miliyan 6.7 a sabobin Akamai. Sun ga jama'a suna fara ficewa in bidiyo ya wuce daƙiƙa 2 bai fara ba, kowace daƙiƙa ɗaya da ta ƙaru kuma tana ƙara masu ficewa da kashi 5.8 cikin 100. Wanda ya sha tsayawa ta kashi 1 cikin 100 na tsawon bidiyo yakan rage kallonsa da kashi 5 cikin 100. Sun kuma lura cewa masu layi mai ƙarfi sun fi gajen haƙuri, masu kallo ta waya kuwa sun fi kowa jimiri. Alƙaluman sun kwana biyu, amma hukuncin da aka ɗauka daga cikinsu yana nan: gara hoto ya ɗan dushe da ya tsaya.

Inda alƙaluma ke ruɗi

Tattara bayanai ba shi ne aiki mai wuya ba, karanta su ne. Tarko na farko shi ne matsakaici. A ɗauka mutum 100 sun kunna bidiyo, 90 ya buɗe musu cikin daƙiƙa 1, sauran 10 suka jira daƙiƙa 21. Matsakaicin zai ba da daƙiƙa 3, adadin da ko mutum ɗaya bai jira ba, ya kuma ɓoye goman da suka wahala. Shi ya sa ƙwararru ke jera dukan zaman kallo daga mafi sauri zuwa mafi jinkiri, su duba na tsakiya, sannan su duba na 95 ko na 99 a cikin kowane 100. Na tsakiyan yana faɗin halin yawancin jama'a, na ƙarshen kuma yana faɗin halin waɗanda za su daina dawowa.

Tarko na biyu ya fi dabara: wanda abin ya fi cuta sau da yawa ba ya cikin lissafi. In sabis ya ɗauke gaba ɗaya, saƙon da zai ba da labarin tsayawar shi ma bai fita ba. Wani tsohon injiniyan YouTube, Chris Zacharias, ya ba da labari a 2012 na yadda ya rage nauyin shafin kallo daga kusan megabait 1.2 zuwa ƙasa da kilobait 100, sai alƙaluma suka nuna matsakaicin lokacin buɗewa ya ƙaru maimakon ya ragu. Da aka rarraba bayanan ƙasa-ƙasa sai aka gane dalili: mutanen Afirka da Kudancin Amurka da kudu maso gabashin Asiya, waɗanda a da shafin ba ya buɗe musu ko kaɗan, yanzu sun fara shigowa da layukansu marasa ƙarfi. Gyaran ya yi aiki, adadin ne ya munana. Daga nan ake koyon cewa jimillar adadi ba ta da amfani sai an tsattsaga ta: wane kamfanin sadarwa, wace waya, wane gari, wace cibiyar rarrabawa, wane lokaci na rana. Tsayawar da ta ƙaru a waya iri ɗaya bayan sabunta manhaja laifin manhaja ne. Wadda ta ƙaru a gari ɗaya bayan sallar isha'i, cunkoson layi ne.

Na uku shi ne ma'anar abin da ake ƙirgawa. Jiran da ya biyo bayan jan bidiyo gaba, tsayawa ne ko ba tsayawa ba? Lokacin talla yana cikin lokacin farawa? Kamfani biyu za su auna kallo ɗaya su ba da adadi biyu. Ko "kallo" kansa ba a yi ittifaƙi a kansa ba. A da Facebook yana ƙirga daƙiƙa 3 a matsayin kallo, kuma a 2016 ya amsa cewa ya daɗe yana kumbura matsakaicin tsawon kallon da yake nuna wa masu talla, saboda ya cire waɗanda ba su kai daƙiƙa ukun ba daga lissafi. Netflix ya taɓa ƙirga wanda ya kalli kashi 70 cikin 100 na fim, ya koma minti 2, ya koma jimillar awoyi, sannan a 2023 ya koma raba awoyin da tsawon fim ɗin. Don rage irin wannan saɓani a ɓangaren inganci, ƙungiyar CTA ta Amurka ta fitar da ma'aunai a 2020, cikinsu har da CMCD, wanda ke sa manhajar kunnawa ta liƙa bayanin halin da ma'ajiyarta ke ciki a jikin kowace buƙatar da ta aika wa saba, ta yadda za a iya haɗa labarin ɓangarorin biyu.

Sannan zuwan abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Masu kallon 1080p sukan daɗe suna kallo, amma wataƙila don suna da wayfay a gida ne da lokacin zama, ba don kyan hoton ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a raba masu kallo gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba gida ɗaya sabon tsari, a bar ɗayan a kan tsoho, a kwatanta bayan adadin ya taru.

Akwai wani reshe na bayanan da ya shafi abin da aka kalla, ba yadda ya iso ba. YouTube Studio yana nuna wa mai tasha zanen da ke bayyana kashi nawa na masu kallo suka rage a kowace daƙiƙa, da wuraren da aka tsallake da waɗanda aka maimaita. Tun 2012 YouTube ya fifita tsawon kallo a kan yawan dannawa wajen zaɓar abin da zai nuna wa jama'a. Ga masu shirya fina-finai masu dogon zango na Kannywood, irin su Izzar So da Labarina, waɗanda YouTube ya zama babbar kasuwarsu, wannan zane yana faɗin abin da mai sayar da faifai a da ba zai taɓa sani ba. Sai dai shi ma yana buƙatar hankali: faɗuwar zanen a minti na goma tana iya zama gajiya da labari, tana kuma iya zama ƙarewar data.

Duk waɗannan bayanai na mutane ne. A 2006 Netflix ya saki maki miliyan 100 da masu kallo suka ba fina-finai bayan ya goge sunaye, amma masu bincike biyu na Jami'ar Texas, Arvind Narayanan da Vitaly Shmatikov, suka nuna ana iya gano wasu mutanen ta hanyar kwatanta su da abin da suka rubuta a shafin fina-finai na IMDb. Dokar GDPR ta Turai da ta fara aiki a 2018 da Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 duk sun wajabta a tattara abin da ake buƙata kaɗai, a kuma sanar da mai shi.

Hanyar koyo

Kusan duk kayan aikin fannin kyauta ne, kuma kwamfuta matsakaiciya ta isa. Mafari shi ne FFmpeg, wanda Fabrice Bellard ya fara a 2000, da abokinsa ffprobe mai bayyana abin da ke cikin fayil. Da shi mai koyo zai ɗauki gajeren bidiyo, ya sarrafa shi mataki uku, ya yayyanka shi, ya buɗe jadawalin ya karanta da idonsa. Masu sana'ar sun saba gwaji da Big Buck Bunny, katun ɗin da gidauniyar Blender ta saki a 2008 don kowa ya yi amfani da shi. Daga nan sai a kunna guntayen a burauza da hls.js ko dash.js ko Shaka Player, a buɗe kayan injiniyoyi na burauzar, a rage saurin layi da gangan, a kalli yadda manhajar ke saukowa daga tsani. A YouTube ma akwai zaɓin Stats for nerds, mai nuna kodek da saurin layi da daƙiƙoƙin da ke cikin ma'ajiya yayin da ake kallo. Mai sha'awar ɓangaren kai tsaye zai ƙara da OBS Studio.

Ɓangaren bayanai yana farawa da ɗan JavaScript. Burauza tana sanar da waiting in bidiyo ya tsaya jira, da playing in ya ci gaba. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce tsayawa, kuma wanda ya rubuta shirin auna ta da hannunsa zai ci karo da dukan tambayoyin ma'ana da aka ambata tun a ranar farko. Bayan haka sai SQL don tsattsaga bayanai, da Python don zane, da ilimin ƙididdiga gwargwadon fahimtar tsaka-tsaki da gwajin gida biyu. A wayoyin Android manhajar da aka fi gina aiki a kanta ita ce ExoPlayer, wadda yanzu take cikin Media3, a na Apple kuma AVPlayer. Kulle bidiyo don hana sata, ta Widevine na Google ko FairPlay na Apple ko PlayReady na Microsoft, shi ne yankin da ya fi wuyar koyo a gida, domin yana buƙatar lasisi daga kamfanonin, kuma galibi sai a wurin aiki ake sanin sa.